Ranar da Na Kasa Ce wa Inna Ta Sauka

Duk yamma 'yan kabu-kabu sukan taru a rumfar mai shayi da ke jikin garejin da nake ajiye tarakta, can wajen kasuwar dabbobi ta Tawa, kuma ba a rasa wanda zai dube ni ya ce, "Baba Asumane, wanga aiki naka ai hutu na. Ka zamna bisa kujera, mota na tahiya kamar tsohuwa, mi ad da wuya?" Ba na jin haushi. Yaran kirki ne, su ke kai mini jikoki makaranta in na yi sammako. Amma tun da wasunsu sun fara zancen barin babur su koma tarakta, na ga gara in faɗa musu abin da na sani, su ji da kunne kafin su ji a jika.

A fili, na yarda, babu wuya. A ba ni mutum mai hankali, cikin kwana uku zan sa ya ja garma a fadama layi ya miƙe. Sai dai ƙasarmu ta Adar ba fili ba ce. Fako ne a sama, fadama a ƙasa, tsakaninsu gangare mai tsakuwa da kwazazzabai da ruwa ya yanka. Dutse yana sama, gona tana ƙasa, taki yana gari, duk abin da za ka ɗauka sai ka hau da shi ko ka sauko da shi. Taraktarmu kuma ƙarama ce, ba irin manyan nan na gyaran hanya ba. Tana da tsayi, ba ta da faɗi, ba rufi a kanta, ba wani ƙarfe da zai tare maka in ta kife.

Wanda ya koya mini, Nomau ake ce masa, Allah ya jiƙansa. Gajere ne, ƙarar inji ta kashe masa kunne ɗaya, don haka kullum magana yake kamar yana kiran wani a hayin ƙorama. Na je wurinsa bayan na dawo daga bida, wato ci-rani, a Abijan hannu Rabbana, ina taƙama na san mota domin na yi shekara ina bin wata a can. Wata guda cur bai bari na taɓa makulli ba. Aikina tafiya a ƙasa. Duk gangaren da za mu sauka, sai ya tsayar da tarakta a kansa, ya ce in taka har ƙasa in dawo in ba shi labari. Ran farko na dawo na ce lafiya lau.

Ya ce, "Ina ƙahwarka ta zame?"

Na ce ba ta zame ba.

Ya ce, "Ƙarya kakai. Na gan ka wajen aduwa-can, ka yi rawa. Inda taka ta zame, nan tata za ta zame. Koma ka gano."

Sau uku na koma a ranar, rana tana tsaka, shi yana zaune a inuwar taya yana cin goro.

Abin da ya fara ɗora hannuna a kai ba sitiyari ba ne, wata 'yar sakata ce da ba ta kai tsawon yatsa ba. Tarakta birki biyu gare ta, na tayar hagu da na tayar dama, gefe da gefe a ƙarƙashin ƙafar dama. A gona akan raba su, don in ka taka ɗaya ta juya a ɗan ƙanƙanen wuri. Amma in za ka kama gangare sai ka jefa sakatar ta haɗa su. In ka manta, ƙafarka ta faɗa kan ɗaya, taya ɗaya ta tsaya ɗaya na gudu, sai ta juya ta ba gangare haƙarƙari, daga nan kuwa sai kifewa. Nomau ba ya duba sakatar da ido, da babban yatsan ƙafa yake shafa ta, domin bai taɓa tuƙi da takalmi ba, kuma na gaji wannan a wurinsa. Ya nuna mini yadda ake ɗura ruwa a tayoyin baya don nauyi ya zauna ƙasa, da buhunan yashi biyu da muke ɗaurewa a hanci don kada ta ɗaga kai in ana hawa da kaya. Akwai kuma wani gungumen aduwa da ake tokare taya da shi in an tsaya a tudu. Ya fi ni daɗewa a aikin, yana nan bayan kujerata har yau.

Sai maganar giya, wadda mu nan muke ce wa bitas. Wannan ita nake ji muku tsoro, ku 'yan babur. Na san halinku, da kun kawo kan gangare sai ku kashe inji ku sake ta tana gudu don ku yi tsimin mai, kuna jin kun yi dabara. A tarakta inji ne ke riƙe da kai, birki ɗan taimako ne, kuma a tayoyin baya kaɗai yake. Bitas ɗin da za ka hau tudu da shi, da shi za ka sauko, kuma tun a sama za ka sa shi, kana tsaye. Akwai feda ta ƙafar hagu, ambaryaj, wadda ke raba inji da taya. In ka taka ta a tsakiyar gangare don ka canja bitas, ka saki abin da ke riƙe da kai, kuma bitas ba zai sake shiga ba, sai dai ka ji yana ƙara kana gudu. Nomau yakan bugi gwiwata ya ce, "Ta hagu ba ta da aiki nan. Aje ta kamar ta wani ce."

Wani aiki da nakan tuna in yi dariya shi ne na wani mushe, malamin makaranta da aka turo Tawa daga gabas, ya sayi gona a gefen tudu wajen Bambeye. Ya karanta a takarda cewa gonar gangare a gicciye ake nome ta don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Gaskiyarsa, haka ne, amma saman gonar ya yi tsaye da yawa. Na ce ƙasan zan yi masa a gicciye, saman kuwa sai dai shanu ko hauya. Ya ce takarda ba ta ce haka ba. Na karɓi kofin shayinsa, na cika shi, na ɗora a hancin tarakta a nan tsakiyar gona inda na tsaya. Shayi ya bi gefe ya zube. Na ce masa nan ma ke nan, ina ga can sama. Ya dubi kofin, sannan ya ce a kira mai shanu.

Masu taki da masu kara su kuma zancensu ɗaya ne, a ƙara kwando guda. Ba su san rimok, wato tirelar kaya da muke ja a baya, ba ta da birki ba. In kayanta suka fi tarakta nauyi, a gangare ita ke tuƙa ka. Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan masu neman a rage musu hanya. A ƙasarmu ba a wuce mutum yana tafiya a ƙasa alhali kana da wuri, abin kunya ne. Nomau ya yi tasa dokar: a fili kowa ya hau, a kan gangare kowa ya sauka ya taka, a sake haɗuwa a ƙasa. An ce masa mai baƙin hali, an ce motar ba ta ubansa ba ce. Sai ya juya musu kunnen da ya mutu ya jira, har na ƙarshe ya dira.

Shekarar da hatsi ya ƙi, wadda ruwa ya ɗauke gero yana da ciki, maza suka watse bida, ƙauyukan arewa da Affala suka koma na mata da tsofaffi. Aka kawo aikin tare wata ƙorama da duwatsu, ana biyan mutane da hatsi. Mata ke haƙo dutse a kan fako su tara, mu ɗora a rimok mu sauko da shi bakin ƙorama, in la'asar ta yi su biyo mu ƙasa a auna musu hatsinsu. Ƙauyen da ke kan fakon nan, a nan na yi aure shekara guda kafin wannan. Matata Hadiza tana gida da goyo, mahaifiyarta kuwa ita ce shugabar matan da ke tara dutse. Ba zan faɗi sunanta ba, har yau bakina bai iya ba. Inna nake ce mata, shi ma a bayan idonta.

Ku yaran birni kuna hira da surukanku a waya har da dariya. Mu a can, in na hango ta a hanya sai in ratse, in ba wurin ratsewa in tuɓe takalmi in durƙusa, kaina a ƙasa, har ta wuce. Ba ta taɓa kiran sunana ba, direba take cewa, ni kuma ban taɓa duban fuskarta ba. In tana da saƙo sai ta faɗa wa maƙwabciyarta Zali, ko da ina tsaye a wurin, Zali ta juyo ta maimaita mini kamar ban ji ba.

Wata Laraba Nomau ya tafi Tawa neman gazuwal, man da tarakta ke sha, ya bar mini makulli. Ranar ce ta farko da ya bar ni ni kaɗai yini guda. Na yi sahu huɗu lafiya. A na ƙarshe mata suka cika rimok fiye da kullum, don kada a bar saura, na ƙyale su. Na sunkuya na zare gungumen daga ƙarƙashin taya, ina ɗagowa sai na ga mata shida a kan duwatsu. Inna tana gaba, ta ba ni baya kamar yadda ya dace. Tun safe suke haƙa da ɗan ruwan fura a ciki, kuma na lura da yadda take taka ƙafa, ta kumbura.

Na tsaya da gungume a hannu. Na matsa kusa da Zali na ce a hankali, "Gwaggo, Nomau ya hana a sauka gangare da mutane."

Ta ce, "Nomau na Tawa."

Na ce, "Ki taimake ni ki hwaɗa musu."

Ta ce, "Ni in ce ma sarakuwarka ta sauka? Ga ta nan, hwaɗi mata da bakinka."

Mata suka fashe da dariya. Inna ba ta juyo ba. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma abin da ya fito tari ne. Ina ji ina gani na hau kujera na ta da inji.

Duk sauran abin da aka koya mini na yi shi daidai. Na shafa sakata, na sa bitas na ɗaya, na miƙe hancinta ƙasa sak. Farkon gangaren lafiya. Da muka kawo daidai inda tsakuwa take, sai na ji ana tura ni ta bayan kujera. Inji ya ɗaga murya, tayoyin baya suka fara ja a kan tsakuwa. Na danne birki da ƙarfina duka, wannan kuwa kuskure ne na biyu, domin tayoyin sun kafe sun daina juyawa, tarakta ta koma zamiya, bayanta ya fara karkata hagu. Ta gefen ido na ga kusurwar rimok tana zuwa ta inda bai kamata in gan ta ba. Ƙafata ta hagu ta tashi da kanta ta nufi ambaryaj. Na janye ta na cusa ƙarƙashin kujera. Na ɗaga ƙafa daga birki don tayoyi su sake juyawa, na mai da hanci ƙasa, rimok ta dawo bayana. Daga nan sai in taɓa birki in saki, in taɓa in saki, amma gudu ya riga ya fi ƙarfin hanyar.

A gindin gangaren hanya ta karya dama, a hagu kuma akwai kwazazzabo da ya fi tsayin mutum biyu zurfi. In na juya da wannan gudun, rimok za ta kife da su, duwatsu a kansu. A gabana sak akwai shingen ƙaya da gonar wani, yashi ce zalla da busasshen karan da bai yi komai ba a shekarar. Na riƙe sitiyari na ratsa shingen. Yashi ya kama tayoyi, muka tsaya cak, duwatsun rimok kuma suka zame gaba gaba ɗaya.

Na kashe inji. Wata tana salati, ban da ita ba ka jin komai. Biyar suka sauko da kansu. Inna ba ta motsa ba, wani babban dutse ya matse mata ƙafar dama da katakon gaba. Mu uku muka ɗaga shi. Ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya. Na kwance rawanina na miƙa wa Zali ta ɗaure, kaina a ƙasa, jinin kawai nake gani yana bin katako. Sai na ji muryar Inna tana ce wa Zali, "Tambayi direba ko ya ji ciwo."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na koma bayan taya na durƙusa na yi kuka, da gemuna da komai.

Washegari Nomau ya dawo. Bai tambaye ni ba, ya hau kan gangaren ya biyo sawun taya da ƙafa, ina biye da shi. Ya nuna ya ce, "Nan ka danne birki. Nan ka saki, ka kyauta. Nan ka miƙe ta." Da muka iso shingen ya juyo ya ce, "Daga can zuwa nan ban da abin cewa. Laihinka na sama, tun ba ka tada inji ba." Ya karɓi makulli. Wata biyu na koma tafiya a ƙasa, kuma ban ga an zalunce ni ba.

Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ƙafar ba ta koma daidai ba, yatsu biyu kuma suka tafi. Da ta iya tashi, Inna ta dawo wurin aiki da sanda. Ba ta iya ɗaukar dutse, sai ta samu wuri a kan gangaren ta zauna. Duk sahun da ya zo sai ta bugi jikin rimok da sandar sau biyu, kowa ya sauka. Har maigari ta taɓa saukewa, da babbar rigarsa, ya taka yana ƙunƙuni. Ta ji Nomau yana yi mini faɗan sakata har ta haddace. Duk wanda ya kawo mata zancen laifina kuwa, amsarta ɗaya ce: "Ni na hau, ba a aza ni ba."

Shekaru suka tafi. Nomau ya rasu, Zali ma ta bi shi, na samu taraktar kaina, na dawo da iyali Tawa. Na sauke liman, na sauke 'yan kai amarya da kayansu, na sauke mai kaki, ban sake jin nauyin bakina a kan gangare ba. Amma ni da Inna muna nan yadda muke. Jikokinta sun yi aure, ban taɓa yi mata magana kai tsaye ba.

Wata damana ba da daɗewa ba, aka aiko cewa ta kwanta, zazzaɓi da ciwon ƙirji, likitan ƙauye ya ce sai an kai ta Tawa. Ruwa ya ɓata hanya, ba motar da za ta hau fakon. Na wanke rimok tas, na shimfiɗa katifa, muka tafi da Hadiza. Da hantsi muka ɗauko ta, ba ta fi nauyin damin kara ba. Hadiza ta zauna a ciki ta ɗora kanta a cinya.

A kan gangaren na tsaya, na sa gungume, na taka har ƙasa don in ga abin da ruwa ya yi, na kau da wasu duwatsu, na dawo. Na tarar Inna ta yunƙura, ta zuro ƙafa ɗaya waje, tana laluben sandarta. Hadiza tana riƙe da ita tana hawaye.

Inna tana cewa, "Gangare na. A sauka."

Hadiza ta ce mini, "Ba ta jin tawa. Ko taku biyu ba ta iyawa, amma ta ce sai ta taka. Kai ka hwaɗi mata."

Na waiga, ba Zali, ba kowa. Na durƙusa a gindin rimok, na ɗaga kai na dubi fuskarta. 'Yar ƙaramar fuska ce, da tsage a kumatu, idanunta irin na ɗiyata ta biyu sak, ni kuwa duk shekarun nan ina tambayar inda yarinyar ta samo su.

Na ce, "Inna, ki zamna. Yau ba dutsi, ke ɗai ce kaya. Na taka hanya da ƙahwata, na gani. Ni za ni sauke ki."

Ta dube ni. Sannan ta mai da ƙafarta ciki, ta juya wajen Hadiza ta ce, "Hwaɗa ma direba shi sa sakata."

Na ce, "Na sa, Inna."

Ta ce wa Hadiza, "Shi sake dubawa."

Na hau na shafa ta da yatsa, tana nan. Na zare gungume, na sa bitas na ɗaya, na cusa ƙafar hagu ƙarƙashin kujera. Ban taɓa sauka gangare a hankali irin na ranar ba. Wata mata da dami a ka ta cim mana, ta gaishe mu, ta yi wa Inna sannu, ta wuce mu tana tafiyarta.

Allah ya ba ta lafiya, kuma ba mu bar ta ta koma ƙauye ba. Tana ɗakin da ke kusa da ƙofar gida. In na tashi fita da safe, da ta ji na ɗauki makulli sai ta bugi ƙyauren ɗakinta da sanda sau biyu. Nakan tsaya a bakin ƙofa in ce, "Ina sa sakata, Inna." Sai in ji ta daga ciki tana ce wa Hadiza, "Ce mishi na ji."